Wayata Ba Ta da Zurfin Ciki

Likita ne ya fara jawo min. Ya ɗaura min abin awo a damtse, ya dubi lambobin, ya dubi tumbina, ya sake duban lambobin kamar yana neman wanda zai fara yi wa faɗa a cikinsu. Ya ce hawan jini ya riga ya yi sallama, ciwon suga kuma yana zaure yana tuɓe takalmi. A rage maiƙo, a rage zaƙi, a motsa jiki. Na ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa likita, na fito na hau mashin na koma shagona na taki da maganin feshi.

Abin da likita ya kasa, gidan mai ya yi shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafi ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo. Na jingine mashin, na sayi keke.

Keke ba baƙo ba ne a Funtua. Da shi iyayenmu suka kai auduga wurin awo, da shi har gobe ake ɗauko rake da buhun masara. Sai dai ni ban sayi Phoenix kamar kowa ba. Ɗan gwanjo na saya, na Turawa, mai giya 21 da wani siririn sirdi kamar ƙotar fartanya, wanda duk mai mutunci in ya zauna a kai minti goma zai fara tuno zunubansa. Har da hular kwano. Ranar da na fara fita da ita wata tsohuwa ta tare ni ta tambaya ko mu ne masu awon titi.

Sai ga ɗan yayata ya zo hutu daga Zariya. Ya zagaya keken, ya ce, "Kawu, keke ba manhaja ai wahalar banza ce. Wa zai san ka yi?"

Da ina da wayo, nan zan ce masa abin da nake so ke nan, kada kowa ya sani. Maimakon haka na miƙa masa wayata. Ya sauko da wata manhaja ta masu motsa jiki, wadda ba zan kama sunanta ba, don duk abin da ta yi min sai da ta nemi izini aka ba ta. Yaron nan ya riƙa danna "na yarda, na yarda" da saurin da ko mai amsa amin bai kai ba. Ya sa cikakken sunana, ya sa hotona na Sallah mai babbar riga. Ta ce ko ta leƙa lambobin da ke wayata ta nemo min abokai, ya ce leƙa. Ya yi min bayani cewa wayar tana sauraron taurarin ɗan'adam, tana ɗiga alama duk inda na taka, in na dawo ta haɗa ɗigon ta zana layi a kan taswira, ta faɗi nisa da gudu da tudun da na hau da lokacin da na tsaya. Wannan na ƙarshen ban ji shi da kyau ba.

Fitar farko na kama hanyar Bakori bayan asuba. Ina cikin haki, ina ganin kamar iska nake yankawa, sai na ji ƙararrawa a bayana. Wani dattijo ne a kan tsohon Phoenix, buhu biyu na masara a kariya, kaza a rataye a kan keken tana kallon ƙasa. Ya wuce ni ba tare da ya ɗaga daga sirdi ba, ya ce, "Sannu da hutawa, Alhaji." Da na dawo gida wayar ta tabbatar da maganarsa: kilomita 9 a awa.

Wannan lambar ita na so in ɓoye. Ban damu da taswira ba, ban damu da komai ba, illa kada a san cewa ni, mai giya 21, kaza ta wuce ni.

Kullum in na shigo uwargida takan ce, "Malam, yau har ina?" Ni kuma in ce, "Bakori." Daga gidana zuwa Bakori kilomita goma sha wani abu ne, zuwa da dawowa ya isa a ba mutum lambar yabo. Gaskiyar magana kuwa, kilomita uku da barin gari akwai wata mai waina a gindin maina, kusa da ita da mai shayi. Wainar nan tana fitowa daga tanda gefenta na ƙara, a barbaɗa mata suga, a kawo shayi mai kauri. Likita bai taɓa cin ta ba, shi ya sa yake magana yadda yake yi. In na gama sai in ɗauki butar mai shayi in yayyafa wa rigata ruwa a ƙirji da gadon baya, in juyo gida a matsayin wanda ya sha gumi.

Mako uku ina wannan sana'a. Ranar da dubuna ta cika, yaron nan ne, da kyakkyawar niyya, ya ɗauki hoton tafiyata ya tura zauren WhatsApp na dangi, ya rubuta, "Ma sha Allah, Kawu kwana 21 ba fashi." Hoton ya nuna wani ɗan layi kamar wutsiyar ɓera. A ƙasansa an rubuta kilomita 6.4, lokacin fita gaba ɗaya awa 1 da minti 35, lokacin da taya ke juyawa minti 42. Uwargida malamar lissafi ce a firamare. Ban ma ajiye hular kwano ba ta tare ni da waya a hannu, fuskarta a sake, abin da ya fi ba ni tsoro.

"Malam, ashe Bakori ta matso?"

Na ce taurarin ɗan'adam kan yi kuskure in akwai hazo. Ta ce a watan Agusta? Sannan ta tambayi abin da nake yi na minti 53 a gindin bishiya ɗaya kullum. Na ce azkar. Ta kama hannun rigata ta sansana, ta ce azkar ɗin nan da man gyaɗa ake soya shi.

Don in wanke kaina na ɗaura niyyar babbar tafiya: Malumfashi, wajen kilomita 50, inda dama ina bin wani manomi kuɗin taki. Na wuce mai waina kaina a sunkuye kamar mai wuce gidan surukai. Na kusa Bakori tayar baya ta yi faci, ƙafafuna kuma suka ce su ma sun yi. Ina tsaye sai ga wata Golf ta kayan gwari, direban ya cusa keken a but a kan buhunan albasa, ya ɗaure da igiya, na matsu a gaba mu biyu. Duk wanda ya san direbobin hanyar nan ya san ba su yarda akwai gobe ba. Ni dai salati nake, ban tuna da wayar da ke aljihuna tana ta ɗiga alama ba.

Muna isa Malumfashi na danna "kammala". Wayar ta yi wata ƙara ta murna da ban taɓa ji ba. Gudu mafi girma: kilomita 104 a awa. Ashe irin waɗannan manhajoji suna yanka hanya gunduwa-gunduwa, duk wanda ya fi kowa sauri a gunduwa sai a ɗora masa kambi a kira shi sarkin tudu. Na ci sarauta huɗu a safiya ɗaya, abin da ko a fadar Galadima ban ji an taɓa yi wa mutum ba.

Kafin azahar saƙonni sun cika. Wani matashi mai tseren keke daga Kano, wanda na ƙwace wa kambi biyu, ya tambaya cikin ladabi wane irin abinci nake ci. (Uwargida ta ce in ba ta wayar ta amsa masa.) Wani Bature ya rubuto dogon Turanci, ɗan yayata ya karanta ya ce a taƙaice yana nufin ƙarya nake. Amma wanda ya fi kashe min jiki shi ne dilan da nake sarin taki a wurinsa. Yana bina ragowar kuɗi, kuma da safiyar nan na ce masa ina kwance da zazzaɓi. Lambarsa na wayata, manhajar ta haɗa mu tun ranar farko. Ya danna min alamar jinjina, ya rubuta, "Allah ya ƙara sauƙi, mai zazzaɓi."

Da daddare yaron ya zauna ya ba ni labarin da ya kamata ya ba ni kafin ya taɓa wayata. Ya ce in kwantar da hankali, manya ma sun faɗa. A Nuwamban 2017 Strava, wadda ta fi shahara a irin waɗannan manhajoji, ta fitar da taswirar duniya da ke haska duk inda masu amfani da ita suka bi. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya mai shekara 20, Nathan Ruser, ya lura da wasu ƙananan da'irori na haske a tsakiyar duhun Siriya da Afganistan. Sojojin Amurka ne ke zagaya sansanoninsu da gudun safe, sun zana wa duniya katangarsu da ƙafafunsu. A watan Agustan shekarar ma'aikatar tsaron Amurka ta hana dakarunta da ke fagen aiki kunna irin wannan bibiya. Daga baya, a Oktoban 2024, ya sake turo min wani: jaridar Le Monde ta Faransa ta bi sawun masu gadin Macron da Biden da Putin ta hanyar gudunsu na motsa jiki, har tana gane otal ɗin da shugaba zai sauka.

Na yi dariya, sannan dariyar ta tsaya min a wuya. Mu nan ba sai an ba mu labarin Siriya ba. A Satumban 2021 gwamnatin Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, saboda masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Mun yi watanni muna tafiya neman sabis kamar masu neman ruwa. A ƙasar da mutum ba ya faɗa wa maƙwabcinsa buhu nawa ya noma, ni na buga wa duniya ƙofar gidana, da ƙarfe nawa nake fita, da hanyar gonata, da cewa ni kaɗai ne, kuma gudun tserewata kilomita 9 ne a awa. Infoma ma da ya gani zai ji haushi an kashe masa kasuwa.

Na ce ya rufe komai. Ya ce a'a Kawu, ai akwai dabara, ana ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta. Ya shiga saiti ya sa a share mita 200 daga ƙofar gidana, ta yadda layin zai fara nesa da gida ya ƙare nesa da gida. Na sa masa albarka.

Garin gyaran gira aka rasa ido. Layinmu hanya ɗaya ce ke fita titi. Mita 200 daga ƙofata, ba gaba ba baya, ƙofar gidan wata bazawara ce mai sayar da atamfa, baiwar Allah da ban taɓa haɗa ta da komai ba sai gaisuwa. Daga ranar, taswira ta riƙa shaida wa duk mai bina cewa Malam yana fitowa daga ƙofar nan ƙarfe shida na safe, ya yi yawonsa, ya koma ƙofar nan ya ɓace.

Kwana tara ban sani ba. Na dai ga mai shayi yana min wani murmushi, mai faci yana ce min ango. Ƙanwar uwargida ce ta gano, ta kai wa yayarta, yayarta ba ta ce min uffan ba, ta kai wa Baba. Aka aiko in zo bayan la'asar.

Na durƙusa a zaure, surukina yana jan carbi, wayar ƙanwar na gabansa a kan buzu kamar kayan sata da aka kama.

"Malam, aure ba haram ba ne," in ji shi. "Amma ana bi ta ƙofa. Kuma ana sanar da na gida."

Na ce, "Baba, wallahi da'ira ce."

"Da'irar me?"

Na fara bayanin taurari da mita 200. Ina yi ina jin yadda maganar ke fita kamar ta wanda aka kama da akuya yana cewa igiya ya tsinta. Sai da aka kira yaron a waya daga Zariya, aka sa shi a lasifika, sannan aka tashi yara biyu da igiyar awon gona suka auna daga ƙofata zuwa ƙofar baiwar Allah, jama'ar layi na kallo. Ya fito daidai. Baba ya daɗe shiru, ya ce shi a zamaninsa ya yi shekara 30 yana zuwa Dandume da Rali, ba wanda ya taɓa zana shi. Ita kuwa mai atamfa, da labari ya kai mata, ta aiko a gaya min ko da ma da gaske ne, ba ta auren mai hular kwano.

A daren na zauna da kaina na bi saitin ɗaya bayan ɗaya, da tabarau. Wa zai ga tafiyata: ni kaɗai. Wa zai ga taswira: ni kaɗai. Na kori mabiya 63, har da dila. Na cire hoton babbar riga, na goge tafiyar Malumfashi, sarautuna huɗu suka koma hannun masu su. Sai dai "ni kaɗai" a gidana mutum biyu ne, don an yanke hukunci cewa duk dawowa zan ajiye wayar a hannun malamar lissafi.

Ranar Asabar da ta wuce na yi abin da ban taɓa yi ba. Na wuce mai waina, na shiga Bakori da ƙafafuna, na sha ruwa, na juyo. Na iso gida da gumi na gaske, mai gishiri, ba na buta ba.

"Malam, yau har ina?"

"Bakori."

"Kawo wayar."

Ta duba, ta juyo min da ita. Allon na nan yadda na bar shi da asuba, maɓallin "fara" yana jiran a danna shi. Na rantse, na nuna ƙurar da ke ƙafata, ta ce ƙura ko a gindin maina akwai ta. Shaida ɗaya gare ni, dattijon nan mai Phoenix, wanda ya sake wuce ni a dawowa, wannan karon da ɗaurin rake. Na tambayi mai shayi, na tambayi mai faci, har yau ba wanda ya iya gaya min inda gidansa yake.