Shahadar Shiru

Ranar Asabar ɗin nan da ta shige, bayan sallar la'asar, ina kishingiɗe a zaure da niyyar muraja'ar wani littafi da na daɗe ina saɓa masa alkawari, sai ga maƙwabcina Alhaji ya yi sallama, ɗansa yana biye da shi rungume da wata ƙatuwar jaka irin wadda lauyoyi kan shiga kotu da ita, har gabana ya faɗi, na ɗauka wata shari'ar gado ce ta taso ake neman in ba da shaida. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, ɗanka ne ya gama sakandare, na ce ba wanda za a nuna wa sai ka fara sa albarka." Na ce madalla, Allah Ya yi masa albarka, ina tsammanin magana ta ƙare ke nan, ashe ko basmala ba a yi ba.

Yaron ya durƙusa ya zuge jakar, ya shiga zaro takardun shahada ɗaya bayan ɗaya yana jerawa bisa tabarma kamar mai kasa haja ranar kasuwa, kowacce an liƙe ta cikin roba tana walƙiya, har na ƙirga goma sha huɗu. Ga sakamakon WAEC, kiredit tara cur. Ga na NECO, shi ma haka. Ga makin JAMB, wanda Alhaji ya faɗa mini sau uku, ko sau ɗaya bai ambaci cewa daga cikin 400 ake ƙirgawa ba. Da na ga rana tana neman faɗuwa a kanmu, sai na nemi in taƙaita, na ce, "To, ɗana, a cikin duk waɗannan wacce ka fi alfahari da ita?" Sai ya tsallake WAEC, ya tsallake NECO, ya ɗauko wata mai ruwan zinariya a gefe, ya miƙo mini da hannu biyu. Na gyara tabarau na karanta: ɗalibin da ya fi kowa shiru a aji. Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Shekara uku a jere, Malam, ba wanda ya iya ƙwace masa."

Tun daga wannan sa'a mas'alar ta hana ni sukuni, domin na san yadda ake auna hadda a musabaƙar Alƙur'ani, inda alƙalai kan zauna su saurara, wanda ya yi tuntuɓe a kaɗa masa ƙararrawa a rage masa maki, amma ban gane da wane irin mudu ake auna shiru ba. Wa ya zo na biyu, kuma wane laifi ya kayar da shi? Atishawa ya yi a zangon karatu na uku, ko kuwa ƙaddara ce ta sa ya ɗaga hannu ya yi tambaya? In malami ya kira suna yaro ya amsa, shirunsa ya warware ne kamar yadda alwala kan warware, sai ya sake sabon lale, ko kuwa akwai rangwame saboda larura? Waɗannan duk mas'aloli ne da na duba ban same su ba a Ahlari, ban same su a Iziyya ba, kuma na tabbata ko mai Risala bai buɗe musu babi ba.

Washegari ƙanin yaron ya zo aron gatari, shi ya warware mini ishkalin ba tare da na roƙe shi ba, ya ce ai Yaya a kujerar ƙarshe yake zama jikin taga, yana kifa kai tun darasin farko ba ya ɗagowa sai an kaɗa ƙararrawar tara. Sai na ga lalle na zalunci yaron da mummunan zato, domin barci a zaune shekara uku ba tare da minshari ya tona asiri ba fanni ne mai zaman kansa, wanda yake bukatar riyala da mujahada, kuma ya cancanci a rubuta masa ijaza da cikakken isnadi, a ce ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a dangana da Ashabul Kahfi, waɗanda suka yi shekara 309 suna wannan aiki ba wanda ya ba su ko takarda ɗaya mai ruwan zinariya. Da a Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ana raba irin wannan kyauta, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, shi zai riƙa zuwa na ƙarshe kowace shekara, a aika wa mahaifinsa takardar gargaɗi.

Amma fa dariyar tana da iyaka. Makarantar da ta ba shi wannan shahada ta karɓi kuɗin bikin yaye ɗalibai daga hannun kowane uba, da kuɗin hayar alkyabba da hular nan mai kusurwa huɗu wadda a da sai mutum ya yi furfura a jami'a kafin ya ɗora ta, yanzu kuwa har yaran da ba su daina fitsarin kwance ba ana ƙaƙaba musu. Kuma tun da kowane uba ya biya, wajibi ne kowane ɗa ya hau dandamali, in ba shi da lissafi a ba shi tsafta, in ba shi da tsafta a ba shi murmushi, in ko murmushin babu a ba shi shiru. Kiredit taran ma, da na roƙi yaron ya rubuta mini layi uku zuwa ga mai unguwa kan kwatar da ta toshe, alƙalamin ne ya ci kyautar shiru. A wani ƙauye aka kai shi ya zauna jarrabawar, a irin cibiyoyin nan da ake kira na mu'ujiza, inda amsa kan riga tambaya isa kan allo. Alhali a ƙarshen layinmu akwai 'yar mai ƙosai, wadda ta yi karatu da hasken tocila tana gyangyaɗi bakin kasko, ta samo kiredit biyar da guminta, har da Ingilishi da lissafi, ba wanda ya kawo ta zaurena a sa mata albarka, kuma takardarta tana ninke cikin Alƙur'anin uwarta don babu kuɗin roba.

Ita wannan roba kuwa, wallahi, ita ce babbar bidi'ar zamaninmu, kuma ina ganin wanda ya fi kowa cin ribar ilmin boko a ƙasar nan shi ne yaron nan mai injin liƙe takardu a bakin kasuwa. Mutanenmu sun liƙe katin asibiti, sun liƙe katin ɗaurin aure, na ga wanda ya liƙe takardar saki. Alhaji har rasit ɗin kuɗin alkyabbar ya liƙe, shi ne na goma sha huɗu a lissafina. Ba zan ɓoye ba, akwai ɗan hassada a maganata, domin tawa shahadar ta firamare gara ta cinye ta a cikin adaka tun ba a haifi yaron nan ba, ta bar mini hatimin hedimasta kaɗai, shi ma rabi, ta yadda yau in aka ce in kawo hujjar cewa na taɓa shiga aji, sai dai in yi rantsuwa.

Ranar Asabar ɗin, da za su tafi, Alhaji ya bar mini kwafi ɗaya na shahadar shirun, ita ma a liƙe, ya ce in rataye a zaure don baƙi su gani. Ban samu ƙusa ba tukuna, amma daren jiya da aka ɗauke wuta, zafi ya taso, sauro ya yi sallama, na lalubo ta a duhu na yi fifita da ita har barci ya ɗauke ni, kuma iyali sun shaida mini da safe cewa ni kam na yi minshari.