Irin Kabewa a Jalingo Roƙonsa Ake Yi

Mu a Jalingo ba ma sayen irin kabewa, roƙa muke yi. Da hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsun da suka kewaye gari, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, sai ka ga yara suna shiga gida-gida da 'yar leda: "Wai in ji Dada, a sam mata irin nan na bara, mai dogon wuya." Ba a hanawa. Wadda aka roƙa har daɗi take ji, don alama ce miyarta ta yi suna a layi.

Shi ya sa kabewarmu ba ta da sunan Bature a jikin kwali. Da siffarta muke kiranta, ko da gidan da ta fito. Akwai mai dogon wuya, wadda wuyan nan nata tsoka ce zalla, 'ya'yan duk suna can gindi. Akwai mai tsaga-tsaga, faffaɗa, da ake yankawa ƙwarya-ƙwarya a babbar kasuwa. Akwai mai roɗi-roɗi, kore da fari. Sai kuma ka ji an ce "ta Goggon Mayo-Gwoi" ko "wadda Adda ta zo da ita daga Zing", kowa kuwa ya gane wadda ake nufi. Masana sun ce asalinta daga nahiyar Amurka ne, wajen Meziko, jiragen ruwa suka watsa ta duniya bayan shekarar 1492. To, ta zauna da mu har ta zama 'yar gida.

Inda gardama take shi ne gari da ruwa. Ku zauna da matan Magami ko na Sabon Gari da yamma, ku tayar da zancen, ku ga yadda hira za ta yi zafi. Mai gari ita ce cikinta ya yi ja sosai, in ta dahu ta narke ta kama miya. Mai ruwa kuwa girma ne kawai, ciki fari-fari, sai ki yi ta ƙara gyaɗa miyar tana tsinkewa. Ni dai ina bayan mai gari, ko da ƙarama ce. Kuma ba a gane ta da girma. A ɗaga a ji nauyi, a danna farce a ɓawo: in ya shige, ba ta ƙosa ba. Hancinta ya bushe ya yi tauri kamar icce, to an zo wurin.

Shuka ba wuya. Gindin juji take so, ko inda ake zuba kashin awaki da toka a bayan gida. Ƙwaya uku a rami, in sun tsiro a bar biyu masu ƙarfi, a ba su fili su yaɗu, ko su hau danga. Abin da sababbin amare ba su sani ba, har su zo suna cewa "Inna, tawa fure kawai take yi yana zubewa", shi ne furen iri biyu ne. Namijin ne yake fara fitowa, shi dama zubewa zai yi. Macen tana da 'yar ƙwallo a ƙarƙashinta, kuma sai zuma ta kai mata garin namijin da sassafe kafin ta kama. Mai fesa magani da safe yana korar zuma, ya dawo yana zargin iri. Jan ƙwaron nan mai huda ganye, toka muke barbaɗa masa tun da raɓa. In ruwan Agusta ya yi yawa, a sa wa 'yar kabewar busasshiyar ciyawa ko fasasshen kasko a ƙasa, kada ta ruɓe.

Zumar nan kuma ita ce ke haɗa aure tsakanin kabewar maƙwabta ba da izinin kowa ba. Ka shuka mai gari, na bayan katanga ya shuka mai ruwa, baɗi irinka ya fito wani abu dabam. Saboda haka tsofaffinmu ba sa ajiye iri sai sun ɗanɗani miyar. Wadda ta yi daɗi, ita ake wanke 'ya'yanta, a shanya a inuwa, a cuɗa da toka, a toshe a kwalba. Abin da ke damuna, yaran yanzu sun fara zubar da 'ya'yan a shara tare da ɓawo, kuma gidajen haya masu daɓen siminti ba su bar ko taku biyu na ƙasa ba. Iri mai kyau in ya yi damina biyu-uku ba a shuka shi ba, ya fara mutuwa a kwalba.

Girki kuwa, taushe ce sarauniya. A dafa kabewar a ruwan nama, gara ma ƙashi ko kayan ciki, a farfasa ta da ludayi, a zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa, tattasai, attaruhu, albasa da daddawa. Yakuwa kaɗan don tsami, alayyahu a ƙarshe, a sauke bai yi baƙi ba. Da masa ko tuwon shinkafa, ranar suna ko Sallah. Wasu gidajen suna jefa ta a faten wake, wasu su tsinki ɗanyen ganyen su yi miya, yara kuma su soya 'ya'yan da gishiri. Wadda aka tsinka da hancinta bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba, aka ajiye a inuwa ba a kan siminti mai laima ba, tana kaiwa tsakiyar rani lafiya lau.