Zuwa ga Bakanon da zai mayar da akori-kura janwe

Alhaji Na-Dabo, bawan Zage-zagi, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara kawo ta, tunda a ƙasarmu kake neman abinci. Labari ya iso ni cewa tsohuwar akori-kurar nan taka, Peugeot 504 mai launin da ba wanda ya san sunansa, tana can wani gareji a bayan Panteka, an wage mata baki, an tsige injinta an ɗora a kan taya. Wai babban inji za ka dasa mata, ka ƙara mata sifirin, ta zama janwe, ka riƙa jan motocin da suka mace tsakanin Kawo da Marabar Jos kana karɓar kuɗi. Ranar da ba a samu gawa ba kuma ka ja injin kwaɓa siminti zuwa wurin magina a Rigachikun. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Dama Bakano ba ya ganin wahalar bayin Allah ya wuce bai lissafa ribar da ke cikinta ba.

Motar kanta ba abar rainawa ba ce, kuma ba don in faranta maka nake faɗa ba. A nan Kaduna aka haife ta, a masana'antar Peugeot ta Kakuri, tsallaken kogi, wadda ta fara fitar da motoci a 1975. A Faransa 504 ta fito tun 1968, su can suka gaji da ita suka ajiye, mu nan ba a daina haɗa ta ba sai 2006. Ga kuma abin da ba kwa son a tuna muku: a shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗin daga birnin Liyon, a sauke a filin jirgin saman Kano, sannan a loda a manyan motoci a kawo nan. Ƙarfen ya yi ta bi ta ƙofar gidanku, ba ku koyi ɗaure ko noti ɗaya ba, sai da ya iso ƙasar Zazzau ya zama mota. Ku dai dako aka bar muku.

Waɗanda suka ƙera ta sun yi mata awo. Tan ɗaya da 'yan kai za ta ɗauka a bayanta, da inji mai silinda huɗu wanda bai wuce lita 2 ba. Kai kuwa tun da ta shigo hannunka kake jibga mata buhunan masara daga kasuwar Talata ta Kawo har fitilunta su kalli sama, karen mota na zaune a kan kaya yana riƙe da igiya. Ba ta kai ƙara ba, ba ta yi yaji ba. Ladanta ke nan yanzu, a ɗaura mata wata motar a gindi.

An ce ka je Oriapata ka taya injin Toyota 22R ɗan Beljiyam, mai lita 2.4, irin na tsohuwar Hilux, da ka ji kuɗin ka yi salati ka koma ka taya na 505. A nan rowarka ta yi maka rana. Injin fetur na 505 mai lita 2 dangin na cikinta ne, zai zauna ba tare da yanke-yanke da yawa ba. Na Toyota kuwa sai mai walda ya ƙera masa sabon mazauni, a nemo giyabos ɗinsa, a daidaita tsawon farfela, kuma in aka sami karkata ko kaɗan a wurin, motar za ta riƙa kakkarwa har haƙoran Makkan nan naka su kaɗa. Sai dai ka sani, jan kaya ba tsere ba ne. Ƙarfin da ake nema shi ne wanda inji ke bayarwa tun yana juyawa a hankali, lokacin da ake son tayar da nauyi daga tsaye. Wanda ke shan wuyar wannan tashi kuwa kuloci ne. Tsohon faifan kuloci a bayan sabon inji, da matacciyar mota a ɗaure, a hawan sabuwar gadar Kawo da yamma ana cunkoso, ƙaurin kaɗai zai sanar da mutanen Unguwar Dosa cewa Alhaji ya iso.

Na biya garejin don in gani da idona. Na tarar da yaron bakanike ya kwance bututun ruwan sabon injin, ya zaro tamostat ya jefa a gwangwanin tsofaffin notuna, ya goge hannu a wando ya ce wai wannan na ƙasar sanyi ne. Kai kana zaune a benci kana gyaɗa kai, don ka ji an cire abu, ba a ce ka sayo ba. A gefe ga lagireton motar jingine da bango, ƙasansa ya yi kore, an yi masa facin dalma a wurare da dama, kuma shi za a mayar. Inji babba zafi babba yake haifarwa, jan kaya kuma tafiya ce a hankali a ƙaramar giya, iska kaɗan ke bugun gaban mota, ga ranar Maris da Afrilu. Cire tamostat ba ya buɗe lagireton da tsatsa ta toshe. Abin da yake yi shi ne ya hana inji ɗumama da wuri, ya riƙa zuƙar mai da safe, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita ke yi wa aljihu. Lagireto mai kauri kake bukata, da fanka mai lafiya, da murfin da ke riƙe matsi.

Sifirin kuma na ga fallayen da ka sayo daga 'yan gwangwan, na wata babbar mota da ta riga mu gidan gaskiya, za a cusa biyu-biyu a kowane gefe. Bayan motar zai ɗaga, za ta yi kyan gani, kai ma za ka ɗaga kafaɗa. Amma sifirin tallafe nauyi yake yi ya miƙa shi ƙasa, kuma abin da ke ƙasan bai canja ba: aksil ɗin nan ne, boris ɗin nan ne, tayoyin nan ne da mai faci ya san su fiye da 'ya'yansa. Ranar da ba kaya kuma bayan zai sandare ya riƙa tsalle a kowane rami, in an yi ruwa ya nemi wuce gaba. Ƙara falle ɗaya mai kyau tare da sabon shokazoba ya fi wannan tulin. Ka duba gefen taya ma, akwai lamba huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga ta girmi autarka, ka yi mata sallama, ka sayi irin mai kaurin da aka yi don motocin kaya.

Yanzu bari mu zo inda na fi jin tsoronka. A takardar lissafin da bakanike ya nuna min, an rubuta inji, an rubuta sifirin, an rubuta fenti, har da mai rubuta "Hassada ga mai rabo taki" a bayan bodi. Birki babu. Da na tambaya, sai aka ce Alhaji ya ce birkin yana ci. To, yana ci da motar ita kaɗai. Ka ɗaura mata wata mai nauyinta, aikin da birki zai yi ya ninka, domin duk nauyin da ke tafiya sai ya mayar da shi zafi kafin a tsaya. In ka ninka gudu kuwa, nisan tsayawa sau huɗu yake ƙaruwa. Tayoyin baya na wannan mota birkin ganga gare su, wanda in ya yi zafi yake sakin jiki. Man birki kuma yana shan danshin iska yau da gobe. Sabo, irin DOT 3, sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya tsufa ya sha ruwa kuwa a wajen 140 ya gama. Idan ya tafasa, ka taka feda ta tafi ƙasa salin alin, kana Innalillahi, motar da kake ja tana tura ka cikin masu lemo a bakin tasha. Naka man ma na buɗe na gani, ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a wuta, kuma kada ka ce min ba a taɓa cika shi da ruwan omo a hanyar Jaji ba.

A Turai, duk tirelar da ta wuce kilo 750 doka ta ce sai tana da birkin kanta. Injin kwaɓa simintin da za ka ja ba shi da ko ɗaya. Matacciyar mota kuwa, in injinta ba ya aiki, birkinta tauri yake yi, sitiyarinta ma haka, ga direban da ya riga ya ruɗe. Shi ya sa igiyar rijiyar da na gani a bayan kujerarka ba kayan aiki ba ce. Sandar ƙarfe ake sawa tsakanin mota da mota, yadda ta baya ba za ta hau ta gaba ba. Kuma a shasi ake ɗaure maƙalar sandar da manyan notuna, bayan an ƙwanƙwasa shi da guduma an ji ba tsatsa ce ke riƙe da fenti ba. Mai waldanka na ji yana cewa zai liƙa ta a bamba. Ranar farko za ka isa Kurmin Mashi kai kaɗai, bambarka da motar mutane suna can shataletalen Mando suna jiran ka. Idan abu mai taya biyu ne za ka ja, wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ya kamata ya danna maƙalar. In ya gaza haka zai riƙa kaɗa jela, in ya yi yawa gaban motarka ya ɗaga, sitiyari ya zama ado.

Motocin zamanin nan masu giyar otomatik kuma yawancinsu ba a jan su mai nisa tayoyin da ke tuƙa su na ƙasa, giyabos ke ƙonewa. Ka karɓi dubu kaɗan na ja, a kai ka gaban alƙali a kan dubu ɗaruruwa. Takardun motarka ma lambar tsohon inji ke jiki. Ka je a gyara tun kafin jami'an KASTLEA su tare ka a titin Ali Akilu, ka fara yi musu Kananci kana "wallahi tallahi" suna rubutu.

Na san abin da za ka ce, wai Bazazzagi da ko keke bai mallaka ba, in ban da shan fate me ya sani. Na ji. Amma ka juya takardar nan ta bakanike, ka fara daga birki da taya da shasi, lagireto da kuloci su biyo, in kuɗi ya ragu a yi maganar inji, fenti kuma ya jira bayan damina. In an gama, ka fita gwaji da sassafe ranar Lahadi a hanyar da ba kowa, da buhunan yashi, ka taka birki ka auna da ƙafa inda ta tsaya. Kada ka gwada da motar surukinka. Shawarar nan kuma ba sadaka ba ce: kuɗin sharar bana ninki biyu za ka aiko, kuma ban karɓar kabewa a madadinsu.