Yadda Za Ka Koyi Sassaƙa a Ogui, Yatsunka Goma Cif

Ƙanena, an ce kullum ka bi ta shataletalen New Market a nan Enugu ka ga mutum-mutumin tunawa da 'yan haƙar kwal 21 da aka harbe a Iva Valley a 1949, sai hannunka ya kama ƙaiƙayi. Madalla. Zauna ka ji kafin ka taɓa ƙarfe.

Kada ka fara da icce. Sayi sandar sabulun wanki ka fitar da ludayi da 'yar wuƙa. In ya yi kyau, alhamdu lillahi. In ya lalace, ka wanke rigarka da shi. Amma fa da kuɗinka za ka saya, don wanda ya sassaƙe sabulun matar yayansa ranar zai gane akwai abin da ya fi gizago kaifi.

Daga nan sai yumɓu, mai haƙuri: ka ɓantare hanci, ka mayar. Ka dai kwaɓa shi sosai iska ta fita, ka rarake ciki, ka bari ya bushe ƙarau, in ba haka ba zai fashe a wuta maƙwabta su fito da gudu.

Icce shi ne ba ya yafiya, abin da ka sare ya tafi ke nan. In ka je kasuwar katako, nemi malaina mai laushi, ka bar loko sai ƙwanjinka ya yi ƙwari. Shanya shi a inuwa, rana tsaga shi take yi, damshin Enugu kuwa ba ya gaggawar sakin icce. Zana siffar da gawayi a dukkan ɓangarori huɗu. Kana garin kwal, kada in ji ka ce ka rasa abin zane. Gatari ya rage manyan wurare, gizago ya bi baya, magagari ya gyara. Bi yadda jijiyar iccen ta kwanta, in ka saɓa mata ta ɓalle maka inda ba ka nufa ba. Wasa ƙarfenka kullum, dakusasshe shi ke zamewa ya sami mutum. Kuma ka ware ƙafafunka! Gizago bai san babban yatsa ba.

Kada ka raina kayan aikin nan. Ben Enwonwu, ɗan Onitsha da ya yi mutum-mutumin Sarauniyar Ingila a 1957, kayan sassaƙar mahaifinsa ya gada ya fara da su.

In zuciyarka ba ta kwanta da siffar mai rai ba, sana'ar kakanninmu na nan da faɗi: akushi, allo, ƙota, kujerar tsugunno, turmi. A garin da ake dakan sakwara safe da yamma, mai turmi ba ya kwana da yunwa. Na farkon zai fito a karkace, don haka kada ka kai shi gidan amarya. Ba mai tsiren bakin titin Ogui ya daka yaji wata guda, in bai tsage ba ka fara yanka farashi.