Rada Ce, Ba Raɗa Ba

Na ji ku, masu taɓe baki. Tun da na ce radar jirgin F-16 da ke cikin wasan DCS World tana da halin ta gaske, kuka ce Malam ya girma ya koma wasan yara. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa kuwa, ko keken ɗinki bai taɓa tuƙawa ba. To ku matso.

Rada tana aika igiyar rediyo ne ta saurari amsa-kuwwa. In ta leƙa ƙasa, amsar gonaki da duwatsu sai ta cika mata kunne, dole ta tace: abin da ke tunkaro ta ko guje mata da gudun da ya bambanta da na ƙasa ta riƙe, saura ta watsar. Nan matuƙi mai wayo yake shiga. Ya sauko ƙasa-ƙasa, ya gitta ta gabanka a kusurwar digiri 90, sai rada ta ɗauke shi tudu ko bishiya. Ɓat! Ranar da aka fara yi mini haka a wasan, na zagi kwamfuta har iyalina suka leƙo. Ashe ita ce mai gaskiya, ni ne baƙo. Haka batun nisa: in kana son ta hango ninki biyu, ƙarfi sau 16 za ka ba ta, ba sau biyu ba kamar yadda lissafin kasuwa zai gaya maka.

Sai ɗayanku ya gyara hula ya ce, "Ai rada ta gaske ta fi haka hange." Wa ya auna maka, Alhaji? Ainihin alƙaluman suna kulle a akwatin soja. Masu ƙera wasan suna harhaɗawa ne daga takardun da aka saki da bakin tsofaffin matuƙa, kai kuma daga rumfar mai shayi.

Gardama irin taku ta sha jefa mutane cikin ruwa. A 2021 wani mai buga wasan War Thunder ya fallasa takardun sirri na tankar Challenger 2 ta Birtaniya, don kawai ya kayar da abokan musu. A Disamban 2024 wani ya maimaita da takardun radar jirgin Eurofighter Typhoon. Gaijin, kamfanin da ke da wasan, ya goge su, ya ce ba ya aiki da irinsu. Ga haɗari an ɗauka, ga musu bai ƙare ba.

In kuwa har yanzu ranku bai kwanta ba, abu mai sauƙi. Jirgin JF-17 yana cikin DCS da radarsa KLJ-7, Najeriya kuma ta karɓi guda 3 a 2021. Ku hau mota zuwa sansanin sojan sama na Makurɗi, ku yi wa sojan ƙofa sallama, ku ce littafin rada kuka zo dubawa don ku ƙaryata Malam. Duk inda aka ajiye ku, ku aiko, zan kawo tuwo.