Bawana Bakano, Me Kuka Yi wa Keken Indiya?

Ina kasuwa? Da ita na fara don na san in na ce ina iyali sai ka tsaya tunani, amma in na ambaci kasuwa nan take za ka zayyano mini farashin shadda a Kantin Kwari da na gero a Dawanau. To yau ba ciniki ya kawo ni ba, ƙara na kawo. Wanda nake ƙarar a madadinsa ba shi da bakin magana: ƙafa uku gare shi, kun shafe shi da ruwan ɗorawa kun sake shi a titi.

Zauna in ba ka tarihinsa, tunda karatu namu ne mu Zagezagi. A Italiya aka haife shi a 1948, lokacin da kamfanin Piaggio, masu Vespa, suka ƙera shi domin ƙananan 'yan kasuwa su samu abin ɗaukar kaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya talauta ƙasar. Indiyawa suka gani suka yaba, kamfanin Bajaj ya karɓi lasisi, keken ya zama motar hayar talaka. A Najeriya, Legas ya fara yin suna, zamanin da Buba Marwa yake mulkin jihar, aka ce da shi Keke Marwa. Sai shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Obasanjo ya ba shi sunan Keke NAPEP. Duk wannan yawo da ya sha, abin hawa ne kawai. Sai da ya shigo Kano aka ɗora masa aikin gyaran tarbiyya.

Ka tuna 2005, ko lissafin riba ya shafe maka? Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kawo waɗannan kekuna domin mace ta fita unguwa ba tare da ta zauna a bayan namijin da ba muharraminta ba. Shirin gyaran ɗabi'a na gwamnatin sunansa A Daidaita Sahu, sai kuka kwashe sunan kacokan kuka liƙa wa keken. Gwamnoni sun zo sun wuce, shirin ya zama labari, keken yana nan da sunansa. Bature mai zanen injin nan, Allah ya sani, ko a mafarki bai taɓa hango 'yan Hisba ba.

Daga nan kuka shiga yi masa kwaskwarima. Labulen gefe, wanda a wani gari sai ruwan sama ya sa a sauke shi, a wurinku ya zama sutura: amarya ta shiga da lalle da turarenta, a ja labule, ba wanda ya ga ko wace ce har ƙofar gidan biki. A Mumbai keken yana da mita mai lissafa kuɗin tafiya. Mita a Kano? Wa zai yarda ƙarfe ya yanke masa farashi alhali bakinsa lafiya ƙalau? Sai an tsaya a bakin titi, direba ya faɗi nasa, fasinja ya rantse jiya ba haka ya biya ba, direba ya kawo kukan tsadar mai, a yi albarka, a yi kamar an rabu, sannan a ce "shigo mu je." Tafiyar minti goma, cinikin minti biyar. Na tabbata da za a hana ku wannan ja-in-ja, rabin daɗin hawan ya tafi.

Masu kamfani sun ce mutum uku a baya, direba shi kaɗai a gaba. Ku kuka dubi kujerar direban kuka ga asara, fili yana zaune ba ya kawo ko sisi, kuka dasa mutum a dama, wani lokacin har da hagu, direba na tuƙi a takure tamkar wanda ya shiga sahun Juma'a a makare. Amma a nan dole in yaba muku, ko da yake yabon Bakano yana yi mini ɗaci a baki. Ba a rubuta ko'ina ba, ba kuma ɗan KAROTA mai kula da hanya ne ke tsarawa ba, amma da zarar mace ta tsayar da keke, sai ka ga namijin da ke baya ya sauko ya koma gefen direba ya bar mata wuri. Kunya ce ke raba kujerun, kuma ta fi littafin kamfani iko.

Abin dariyar ya zo a 2013. Bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero a watan Janairu, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birni. Maza masu taƙama, waɗanda jiya suke cewa keken mata ne, suka naɗe babbar riga suka sunkuya suka shiga. Kai ma na san kana cikinsu, kada ka musa. Da kuka ga kowa ya zama fasinja, sai jinin kasuwanci ya motsa. Alhaji ya sayi biyar ko goma ya raba wa samari, kullum a kawo masa balas, wani kuma a yi yarjejeniya ya riƙa biya har keken ya zama nasa. Masu faci, masu sayar da kayan gyara, masu ɗinkin kujera, masu rubuta habaici a bayan keke, kowa ya samu abin kai wa bakin salati. Abin da aka kawo don wa'azi kun mai da shi haja, kuma ban ga wanda ya yi mamaki ba.

Shi ma keken bai bar ku haka ba, ya rama. Ranar da direbobinsa suka tafi yajin aiki a farkon 2022 kan kuɗin rajista, an ga manyan 'yan kasuwa suna taka sayyada daga unguwanni zuwa Sabon Gari, ɗalibai sun rasa hanyar makaranta, birnin da ke cewa ko da me ka zo an fi ka ya koma neman wanda zai rage masa hanya. Tuƙin kuma, kada ma a tayar da maganar. Duk ratar da kan akuya zai shiga, ɗan adaidaita ya yi imani shi ma zai shiga.

Na san abin da za ka ce, wai ai mu ma a Zariya muna da shi. Muna da shi mana. Amma namu daga Samaru zuwa Kwangila furofesoshi yake ɗauka, a natse, ana tafe ana tattauna ilimi. In ka ji ana ciniki da ƙarfi a ciki, bincika da kyau, Bakano ne ya zo neman wa ɗansa gurbin karatu a jami'armu.

Saura magana ɗaya. Watan cika-ciki na tafe, kuma kuɗin sharata na bara ma ban gan su ba. Ka haɗa duka biyun ka aiko a dunƙule. Ban yarda da biyan kaɗan-kaɗan ba, ni ba direbanka ba ne.