Laifin Nirvana

A Amurka da Ingila akwai masoya kiɗan rock masu doka mai tsauri: kada gwaninsu ya kuskura ya yi suna. Muddin yana fama a ɗan kulob mai duhu, 'yan kallo goma, rabinsu abokansa, to babu kamarsa. Ranar da rediyo ya sa waƙarsa, shi ke nan, ya lalace.

Ƙungiyar Nirvana ta aikata wannan babban laifi. A 1991 ta fitar da faifan Nevermind. A Janairun 1992 faifan ya ture na Michael Jackson daga saman jerin Billboard. Maimakon a yi barka, sai aka shimfiɗa tabarmar makoki. Kowa ya koma rantsuwa cewa shi tun faifansu Bleach na 1989 yake tare da su. Bleach ɗin nan kuwa, kafin Nevermind, kwafi kusan 40,000 aka sayar. Yadda miliyoyin masu rantsuwa suka yi karo-karo a kansu, Allah masani.

Ga kuma fim ɗin Singles na Cameron Crowe, da aka yi a Seattle. Labarin soyayya ne, wai. A yi awa biyu ana hirarsa, ba wanda zai ce maka wa ke son wa. Abin da ya dami masoyan rock ɗin nan, ka lura Eddie Vedder na ƙungiyar Pearl Jam ne ke buga ganguna a fim ɗin? Ka ce ba ka lura ba, sai a dube ka da tausayi.

Don haka idan ka tsinci rigar Nirvana a gwanjo, haddace sunan waƙoƙinsu uku kafin ka sa. Kuma ban da waccan da kowa ya sani.